Kalmar Sirrin Alhaji Alu

A duk Agege babu mai son sirri kamar Alhaji Alu, kuma babu wanda sirri ya ƙi zama a bakinsa kamar shi. Dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12, Basakkwace, ya tsufa a Legas amma harshensa bai taɓa barin gida ba. In zai gaya wa matarsa Hajiya Furera cewa motarsa ta taso daga Arewa, sai ya rufe taga, ya saki labule, ya leƙa bayan ƙofa, sannan ya faɗa da irin muryar da yake kiran 'yan dako da ita daga wancan ƙarshen kasuwa. Washegari in maƙwabta suka yi masa fatan isowar mota lafiya, sai ya dawo gida yana huci.

"Akwai mai saurarenmu cikin gidan ga," in ji shi.

"Akwai," in ji Furera, wadda Bakanuwa ce mai gajeriyar magana. "Duk layin."

Bayan sojoji sun koma bariki da shekara biyu, 'yarsu Laila ta bi mijinta Harisu ƙasar Malesiya, inda yake karatun kwamfuta. Harisu yaro ne mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda in surukinsa ya ce ya zauna, sai an tuna an ce ya tashi. Shi ya aiko da shawarar a buɗe wa Alhaji adireshin imel, don a riƙa gaisawa ba tare da jiran mai zuwa ba. Abin da ya kai Alhaji Alu shagon Magdalina ke nan.

Shagon yana ƙasan wani bene kusa da layin dogo: kwamfutoci huɗu, fanka ɗaya, wayar tarho a kan teburi, da ƙaramin janareta a waje mai tari kamar tsohon mai shan taba. Magdalina 'yar wajen Kafanchan ce, ta yi karatun kwamfuta a Kaduna, kuma tana da wani abu guda da in aka taɓo shi ba ta yin shiru. Ba ta yarda da manhajar sata da ake sayarwa a bakin titi ba. Duk injinanta Linux ta sa musu, daga wasu faya-fayai da wani malaminta ya ba ta. Da Mozilla ake shiga intanet a shagonta, da AbiWord take buga wa mutane takardun neman aiki, da Gimp take gyara hotunan katin biki, tana cire wa ango ƙuraje, tana ƙara wa amarya haske. Duka kyauta ne, kuma duka takan kira sunayensu kamar 'ya'yan da ta haifa.

Alhaji ya tsaya yana kallon hoton wani tsuntsu mai baƙin baya da farin ciki da ke zaune a kan allon kwamfuta.

"Wagga agwagwa hwa? Mi takai nan?"

"Tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne, Baba Alhaji. Alamar manhajar ce."

"Tana kallona."

"Hoto ne, Baba."

"Na ji hoto ne. Amma tana kallona."

Ya ja kujera gefe don ya kauce wa idon agwagwar, sannan ya shiga tambaya. Da ya ji cewa manhajar kyauta ce, sai ya kama aljihunsa, ya ce shi tun da ya zo Legas bai ga abin kyauta ba sai zufa. Da ya ji kuma cewa buɗaɗɗiya ce, kowa na iya duba cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, sai ya miƙe zai tafi.

"Ni ina neman rufi, kina ba ni abin da kowa ya san cikinai!"

"Zauna, Baba. In za ka sayi kwaɗo, wanne ka fi so? Wanda maƙeri ɗaya ya ƙera a ɗaki ya ce ka yarda da shi kawai, ko wanda maƙeran duniya suka kwance suka duba, suka ce babu wani mabuɗi na biyu a ɓoye?"

Alhaji ya zauna a hankali. Maganar mabuɗi na biyu ta shige shi, don ya daɗe yana zargin mai gidan hayarsu.

Nan Magdalina ta nuna masa abin da ta fi ƙauna duk cikin kayanta, wata manhaja da take kira Ji-pi-ji. Ta ce ita wannan kwaɗo take ƙera wa mutum da mabuɗinsa. Kwaɗon za a aika wa Harisu, ya riƙa kulle saƙo da shi. Mabuɗin kuwa za a sa a ɗan faifai Alhaji ya riƙe, kuma shi kansa mabuɗin ba ya aiki sai an buga kalmar sirri. Ta ce ya zaɓi jimla doguwa wadda ba mai tsammani, kada ya rubuta ta, kada ya gaya wa kowa, har ita.

"In ka manta, Baba, babu mai buɗewa. Ko ni. Ko wanda ya ƙera."

Fuskar Alhaji ta yi haske kamar an yi masa bushara. Ya sa aka fitar da duk masu aiki a shagon, har da wani ɗalibi da ke tsakiyar rubutu. Ya kori Magdalina ma. Ya yaye babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da kwamfutar gaba ɗaya. Magdalina, da ta riga ta ji labarinsa a unguwa, ta leƙo ta ba shi shawara ya cusa hularsa a baki kafin ya fara. Haka aka yi. Daga waje ba a jin komai sai gurnani da ƙarar yatsa ɗaya yana farautar haruffa, don da bokon yaƙi da jahilci yake rubutu.

Da ya fito, jiƙe da gumi, ya sa Magdalina ta rubuta wa Harisu umarni. Daga yau kada ya aiko komai sai a kulle. Ko an rubuto da sunan Alhaji an ce ya aiko a buɗe, kada ya yarda, 'yan damfara ne. Ko muryar Alhaji ya ji a waya, kada ya yarda, don a Legas akwai masu kwaikwayon kowa. Harisu ya amsa da cewa ya ji, ya ɗauka, kuma ya yi alkawari.

A hanyar gida wani tunani ya kama Alhaji. In aka tare shi aka matsa masa fa? Jimlar tana cikin kansa, kuma kansa a fili yake yawo. Sai ya yanke shawarar da ya ɗauka ta fi kowace wayo: ya raba jimlar gida uku. Kashi na farko ya raɗa wa Furera. Na biyu ya ba Hajo mai goro, wadda ke da rumfa a bakin tasha. Na uku ya ba ƙanensa Shitu, direban tankar mai. Kowanne ya ce masa amana ce, kada ya manta, kada ya tambayi dalili. Sannan shi kuma ya duƙufa wajen mantawa. Duk sanda jimlar ta taso masa sai ya kama waƙa ko ya ja wani da faɗa. Kakar tumatir ta zo ta taimaka, motoci suka yi ta shigowa, kaya na ruɓewa, ana ta ciniki da hayaniya, har ya wayi gari ya nemi jimlar a kansa ya tarar babu ko ƙurarta. Ya yi hamdala. Faifan kuwa ya so a ɗinke masa shi cikin fata kamar laya, da ƙyar Magdalina ta hana, sai ya koma ajiye shi cikin hula.

Watanni suka wuce. Harisu ba mai yawan rubutu ba ne, balle yanzu da kowace gaisuwa sai an kulle ta, don haka akwatin imel ɗin Alhaji ya zauna wayam. Amma kowace Juma'a bayan masallaci sai ya biya ya duba. Laila kuwa tana da ciki, da watan haihuwarta ya kama, Furera ta fara bin sa.

Wata Juma'a da damina, saƙo ya shigo. Kan saƙon a buɗe yake, Magdalina ta karanta da ƙarfi: "An sauka lafiya. Namiji. Hoto na ciki."

"Alhamdu lillahi!" in ji Furera, ta dafe ƙirji. "Magdalina, buɗe min in ga angona."

Magdalina ta buɗe. Allon ya cika da haruffa da lambobi a cakuɗe, layi bayan layi, babu kai babu gindi.

"Wane yare ne wanga?" in ji Alhaji. "Malesiyanci?"

"Kwaɗonka ne, Baba. Kawo faifai."

Ya cire hula, ya zaro faifan, yana ƙamshin man gashi. Injin ya karɓa, ya yi ɗan ƙara, sannan ya nemi kalmar sirri. Magdalina ta tashi ta ba shi kujera, ta juya baya. Alhaji ya zauna. Ya kalli allo. Ya kalli silin. Ya kalli agwagwar, ita ma tana kallonsa.

"Alhaji," in ji Furera, "buga mana."

"Ba ta nan."

"Me ba ta nan?"

"Na manta ta. Da gangan hwa," ya ƙara da ɗan alfahari. "Don tsaro."

Furera ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take wa tuwon da ya kama. Sannan ta ce da Magdalina ta rubuta wa yaron nan ya sake aiko da hoton a buɗe, a huta.

Amsa ta zo washegari da safe. Harisu ya rubuta cewa ko su wane ne, su ji tsoron Allah, surukinsa ya riga ya gargaɗe shi game da irinsu. Alhaji ya ce a buga waya. Lamba ɗaya suke da ita, ta ɗakin karatun su Harisu a jami'a, gidan su Laila ba waya. Aka yi ta bugawa har aka samu.

"Harisu! Ni ne!" Alhaji ya kwatsa ihu, har masu jiran jirgi a waje suka waiwayo.

"Wa ke magana?"

"Surukinka! Uban Laila! Aiko da hoton ga a buɗe!"

Sai Harisu ya ce, cikin ladabi, "Gaskiya kun iya. Har Sakkwatancin kun samu. Amma Baba ya ce ko muryarsa na ji kada in yarda."

"To ni ne nic ce haka!"

"Haka ma ya ce za ku ce."

"Yaushe nic ce haka?"

"Bai faɗa ba, amma na san zai faɗa. Sai anjima, Allah ya shirye ku."

Magdalina ta miƙa wa Furera kan wayar, ta ce Mama ta sake bugawa ta yi magana da kanta, ai zai gane ta. Furera ta ja da baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni? Surukina? Tun da aka ɗaura auren nan ban taɓa haɗa jimla biyu da shi ba. Ko gaishe ni zai yi, daga bayan labule nake amsawa. Ina ma zai san muryata?"

Sai Alhaji ya faɗi gaskiyar inda jimlar take. Ya ce ba ta ɓata ba, a ajiye take wuri uku, tattarowa kawai za a yi. Ya juya ga matarsa, ya ce ta miƙo amanarsa.

"Farar," in ji Furera.

"Shi ke nan?" in ji Magdalina.

"Shi ke nan. Wata da watanni ina dakonta, na ɗauka ma sunan magani ne."

Suka nufi tasha. Hajo mai goro haifaffiyar Agege ce, in tana magana Hausa da Yarbanci tare suke fitowa kamar tagwaye. Tana yayyafa wa goro ruwa ta gan su.

"Ah ah, Baba Alhaji da Hajiya tare da rana tsaka! Lafiya dai, abi?"

Alhaji ya sunkuya, ya kare baki da hannu, ya ce da murya wadda ta tsayar da wani mai okada, "Amanar da nib ba ki!"

"Tana nan daram. Kullum sai na maimaita ta ina wankin goro. Akuko."

"Mi?"

"Akuko. Zakara mana."

"Ni nib ba ki Yarbanci?"

"Da Hausa ka ba ni, Baba, amma kaina da Yarbanci yake ajiya. Dabba ce sha, wannan na tabbata. Kuma da 'aku' ta fara, ko a Hausar ko a Yarbancin, ɗaya dai."

"Farar zakara?" in ji Furera. "Wa ya taɓa jin farar zakara?"

"To Hajiya, ni abin da aka ba ni na riƙe. Me za a buɗe ne?"

Alhaji ya ce ba ruwanta, sannan ya ba ta labarin duka, da haihuwar, da kwaɗon, da faifan cikin hula. Kafin su bar rumfar, mai lemo da mai gyaran takalmi sun yi musu barka.

Saura Shitu. Aka ce yana Apapa yana layin lodi. Furera ta ce ba za ta zauna a gida ba, don in aka bar Alhaji shi kaɗai zai dawo da rabin kalmar. Suka shiga danfo zuwa Oshodi, suka sake wata, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihu, wata mata ta ɗora wa Alhaji kwandon busasshen kifi a cinya ba tare da ta tambaye shi ba. Da suka kusa tashar jiragen ruwa, hanya ta tsaya cik. Tankoki da tireloli a jere iya ganinka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci, wasu na wanki, wasu na dafa shinkafa, wani ma ya shanya barkono. Sai da suka hau okada biyu, Furera tana salati tun daga hawa har sauka, suna tambayar Shitu na Agege, ana nuna musu gaba.

Suka same shi a inuwar motarsa yana aske gemu da madubin gefe.

"Yaya! Hajiya! Wa ya rasu?"

"Ba wanda yar rasu. Haihuwa anka yi. Ba ni amanata."

Shitu ya yi murna, ya yi addu'a, sannan ya sosa kai da reza a hannu. Ya ce gaskiya shi kansa ba ya riƙe abu, hanya tana cinye masa tunani.

"Amma kwantar da hankalinka, Yaya. Da ka ce kada in manta, na ɗau mataki. Ku zo."

Ya zagaya da su bayan tankar. A can, da jan fenti, haruffa kowanne ya kai tsawon hannu, an zana zaki a gefe ɗaya da fulawa a ɗayan, an rubuta: TA GAGARI LEGAS.

Alhaji ya bi haruffan da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ga aiki, ko?" in ji Shitu yana shafa fentin. "Ta je Maiduguri da shi, ta je Fatakwal, ta je Sakkwato har ƙofar gidanmu. Mutane suna so sosai. Dubi waccan, mai ita ya kwafa. Da waccan ma. Har wata danfo na gani da shi a Mushin."

"Sirrina ne!" Alhaji ya daka tsawa. "Sirrina ne kas sa ma zaki!"

"Ai ba ka ce sirri ba ne, Yaya. Amana ka ce."

Furera ba ta tsaya sauraron faɗan ba. Ta maimaita kalmomin a ranta, ta ɗaure gyale, ta ce a koma. Shitu ya bar wa wani abokinsa motar, ya ce layin ba zai motsa ba kafin ya dawo, ya bi su.

Da suka iso Agege da la'asar, ƙofar shagon Magdalina ta cika. Hajo ta rufe rumfa ta zo da rabin tasha. Ga 'yan dakon Alhaji da suka taso daga Mile 12, ga maƙwabta, ga mai lemo, ga wasu ma da ba su san me ake yi ba, sun ga taro ne suka tsaya. Alhaji ya ce a watse, wannan maganar iyali ce. Ba wanda ya motsa. Aka ɗauke wuta, Magdalina ta tayar da janareta, ta zauna gaban allo.

"To, Mama, faɗa min in buga."

"Farar zakara ta gagari Legas."

Ta buga. Injin ya ƙi.

"Dama ba zai yiwu ba," in ji Furera. "Farar, ta gagari. Mace ce. Sa kaza."

Injin ya ƙi kaza.

"Tunkiya!" wani ya yi ihu daga waje.

"Saniya!"

"Kyanwa!"

"Aku!" in ji Hajo. "Na ce muku da aku ta fara!"

Injin ya ƙi aku. Ya ƙi jaka, ya ƙi zabuwa, ya ƙi raƙuma. Wani ɗan dako ya ce a gwada agwagwa tun da ga ta nan zaune, wataƙila tana jiran a kira sunanta ne. Aka gwada. Wani malami mai wucewa ya ce a gwada giwa, aka ce masa babu farar giwa, ya ce ai shi ya sa ta gagari Legas. Aka gwada giwa. Shitu ya kawo kura, Hajo ta ce kura ba ta zuwa Legas, suka kama gardama.

"Akuya," in ji Furera a hankali. "Aku, akuya. Hajo, akuya ce ya ce miki."

"Ehen! Ita ce! Wallahi ita ce!"

Alhaji ya yi tsalle daga kan benci. Ya ce ya tuna, ranar da ya zo shagon ya ga wata akuya tsaye a kan rufin danfo, kwandasta da fasinjoji sun yi sun yi ta sauko ta ƙi, har motar ta tafi da ita a haka. Ita ce. Taro ya ɗauki sowa. Magdalina ta buga a hankali, harafi bayan harafi, tana faɗa da baki: farar akuya ta gagari Legas.

Injin ya ƙi.

Ta sake da manyan haruffa. Ta sake babu tazara. Ta sake da ɗigo a ƙarshe. Furera ta zauna a kan kwalin takardu, idonta ya ciko. Ganin haka ya fi komai tayar wa Alhaji hankali, don bai saba ganin ta haka ba.

"Tashi, ɗiyata," ya ce da Magdalina. "Injin ga bai san hannunki ba."

Ya zauna, ya miƙe yatsa ɗaya. Bai nemi riga ba, bai nemi hula ba. Yana bugawa yana kiran haruffan da ƙarfi, taro na amsawa kamar ɗaliban aji ɗaya.

"Ha!"

"Ha!" in ji taro.

"Wa!"

"Tsaya, Baba," in ji Magdalina. "Wane ha? Farar da fa ake farawa."

"Wace hwa? Hwarar akuya nic ce. Hwa-rar."

Furera ta ɗago kai. "Au. Haka ka faɗa min kuwa. Ni na gyara maka."

Ya ƙarasa, ya danna babban maɓalli. Injin ya yi shiru, ya yi ɗan ƙara, sai ga sunan hoto ya bayyana. Hajo ta rangaɗa guɗa. 'Yan dako suka ɗaga Shitu sama, ba don ya yi wani abu ba, shi ne dai ya fi kusa. Magdalina ta buɗe hoton, ya fara sauka daga sama: bangon asibiti, ƙarfen gado, farin tawul, ɗan hannu a dunƙule.

Inda fuskar jaririn ya kamata ta kasance, an zana baƙin akwati mai kusurwa huɗu, an rufe ta ruf. A ƙasa Harisu ya rubuta: "Baba, na rufe fuskar da Gimp, ko da saƙon zai faɗa hannun da bai dace ba."

Ba wanda ya yi dariya da farko. Alhaji ya matsa kusa da allo, ya leƙa ta gefe, ko zai hango ta bayan akwatin.

"Yaron yana da hankali," ya ce da ƙaramar murya.

Furera ta miƙe. Ta kwance mayafinta ta ɗaure shi a ƙugu.

"Magdalina, buga min lambar nan."

"Mama, yanzu can dare ya yi fa."

"Buga."

Aka yi sa'a yana ɗakin karatun. Furera ta karɓi kan wayar da hannu biyu.

"Harisu. Furera ce, uwar matarka. Ba ka san muryata ba, yau za ka san ta. Na hau okada saboda kai. Na je Apapa. Na zauna an kira sunan kowace dabba a gabana har da kura. Sannan ka aiko min da tawul? Tawul na ce ina son gani? Ni na haifi Laila, na yi mata wanka, na san tabon ƙuna da ke bayan gwiwarta ta hagu, je ka duba in ɗan damfara ya san wannan. Ka cire baƙin abin nan daga fuskar angona, ka aiko shi yanzu, babu kwaɗo, babu sakata. In kuwa na sake jin kalmar alkawari, zan sa Shitu ya kawo ni har inda kake a tanka."

Daga cikin wayar, duk wanda ke kusa ya ji wata 'yar siririyar murya tana cewa, "To, Mama. To, Mama. Allah ya huci zuciyarki, Mama." Magdalina ta ce daga baya ta tabbata a durƙushe yake amsawa.

Furera ta ajiye wayar, ta kwance mayafin daga ƙugu, ta rufe fuska da shi gaba ɗaya.

"Wayyo, na yi wa surukina faɗa," ta ce daga ciki. "Hajo, kada ki gaya wa kowa."

"Haba Hajiya," in ji Hajo, tana duban mutum hamsin da ke tsaye a ƙofa.

Hoton ya zo kafin magariba. Jariri ne jajir mai cikar gashi, ya yamutsa fuska kamar an tashe shi daga barci don a ɗauke shi hoto, wanda kuma haka aka yi. Furera ta daɗe tana kallonsa, tana cewa ango ya ƙi yi mata murmushi tun ba a kai lefe ba. Alhaji ya ce goshin nasu ne na Sakkwato. Shitu ya ce kunnuwan nasa ne, aka ce ya yi shiru. Mutane suka shigo bi da bi suna gani suna sa albarka, har malamin nan mai giwa.

Magdalina ta buga hoton a takarda mai sheƙi, ta ce wannan kyautarta ce ga jariri. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, Furera ta karɓe daga hannunsa.

Suna fitowa hadari ya sauko. Lema ɗaya ce, ta Alhaji. Furera ta rungume hoton a ƙirji ta sunkuya a kansa, Alhaji ya buɗe lemar ya riƙe ta daidai saman takardar, ba saman matarsa ba, ba saman kansa ba. Haka suka bi layin dogo zuwa gida, ruwa na zuba ta bayan wuyansu, suna tafe a karkace suna faɗa a kan wanda ke taka wa wani ƙafa. Suka isa jiƙe sharkaf, hoton ko ɗigo bai taɓa shi ba.